Dutse, Laka da Taurari: Manyan Ayyukan Fasaha a Ƙasar Abzin da Abin da Dabaga Za Ta Iya Ginawa

Tsakure

Wannan takarda ta duba manyan ayyukan fasaha da aka kafa a fili cikin jihar Agadas, waɗanda suka ɗauko siffarsu daga sararin sama ko daga halittun daji: raƙuman dawa na Dabus, gine-ginen laka na Not Vital a Agadas da Aladab, itacen ƙarfe na Tenere, da da'irar tunawa da mutanen jirgin UTA. Matsayin takardar shi ne, irin wannan aiki yana rayuwa ne idan ya sami masu shi a cikin mutanen da ke kwana suna tashi kusa da shi. A kan haka ne ta kawo shawarar abin da ya dace a gina a Dabaga, da ilimin taurarin mutanen wurin da hannun maginansu.

Gabatarwa



Dabaga ƙaramar hukuma ce a gundumar Cirozerin, kimanin kilomita 45 arewa maso gabas da Agadas, a kan hanyar da ke shiga duwatsun Abzin. Garin yana bakin kwarin Telwa, wanda ruwansa kan gangaro da damina ya bi ta Azel ya isa Agadas. An san Dabaga da garake: albasa, dankalin turawa, tumatir, alkama, masara da dabino. Masu rubutu kan fasaha ba su cika ambaton sunanta ba. Duk da haka, wanda ya tsaya a Dabaga ya waiwaya kowace kusurwa zai tarar cewa yana tsakiyar wani yanki da mutane suka daɗe suna yin manyan ayyuka a fili don su yi magana da sama da ƙasa, tun daga masu sassaƙar dutse na dubban shekarun da suka wuce har zuwa baƙin da suka zo a ƙarnin nan.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan fanni ya yi suna tun shekarun 1970. Nancy Holt ta kammala aikinta mai suna Sun Tunnels a hamadar Yuta a 1976: manyan bututun kankare huɗu da aka jera yadda rana za ta fito ta kuma faɗi ta cikin bakinsu a rana mafi tsawo da rana mafi gajarta a shekara, an kuma huda jikinsu da siffar wasu rukunan taurari. Kusa da mu, Bajamushe Hannsjörg Voth ya gina “Birnin Oriyon” a filin Marha na kudu maso gabashin Maroko tsakanin 1998 da 2003, hasumiyoyin ƙasa da aka dasa bisa tsarin taurarin Oriyon. Na kawo su ne don a san cewa akwai abin kwatance. Tambayar da ta dame ni ta gida ce: cikin ayyukan da ke ƙasar Abzin, wanne ne ya zauna da gindinsa, kuma me ya zaunar da shi?

Raƙuman Dabus

Dabus daban, Dabaga daban, ko da yake baƙi kan rikita su. Dabus tana kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit. A can, a kan wani faifan dutse mai gangare da ke saman tsauni, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa, babba da ƙarama. Tsawon babban ya kai mita 5.4, wato daidai da girman dabbar a raye. Masana suna kimanta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000, lokacin da wannan ƙasa take da ciyawa da tafkuna. Christian Dupuy ne ya rubuta labarinsu ga duniyar bincike a 1987, an kuma ƙirga zane sama da 800 a duwatsun da ke kewaye da su, mafi yawa na dabbobi.

Sai mutum ya durƙusa kusa da dutsen yake gane yawan aikin. Ba layi ɗaya aka ja aka tashi ba. An tona iyakar jikin da zurfi, an kankare, an goge har ya yi santsi, sannan aka bi dabbare-dabbaren fatar ɗaya bayan ɗaya, kowane da gefensa, daga wuya har ƙafa. Duk wannan kafin a san ƙarfe. Daga bakin kowane raƙumi akwai wani siririn layi da ya sauko ya tarar da ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Wasu sun ce igiya ce ta farauta, wasu sun ce alama ce ta wata dangantaka ta ibada ko ta tatsuniya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin da aka zaɓa. Wanda ke tafiya a ƙasa ba zai gan su ba sai ya hau. Da tsakar rana kuma zanen kan dushe, sai hantsi ko la'asar, sa'ad da haske ya zo a karkace ya cika ramukan da inuwa, raƙuman suke tashi sosai. Masu aikin sun san tafiyar rana a kan wannan dutse, sun kuma yi aiki da ita.

A ƙarshen shekarun 1990 David Coulson na ƙungiyar kare zanen duwatsu ta TARA da gidauniyar Bradshaw suka ja hankalin duniya ga wurin. A 1999 aka ɗauki samfurin zanen da wata roba ta musamman, aka zuba shi da alminiyam. Kwafi ɗaya yana filin jirgin saman Agadas, wani yana Washinton. Amma matakin da na fi ba muhimmanci a duk aikin shi ne na haƙa rijiya kusa da wurin da sanya mutanen yankin su zama masu gadi da yi wa baƙi jagora. Dutsen da ya jure dubban shekaru na iska da rana, hannun mutum ɗaya mai guduma ko mai sha'awar rubuta sunansa zai iya ɓata shi a yini guda. Rijiyar ce ta ba iyali dalilin zama, zaman kuma ya ba raƙuman ido. Su kuwa raƙuman dawa masu rai, yau sai an gangara yankin Kure kusa da Yamai ake ganinsu, sai kuma waɗanda aka fara mayarwa Gadabeji a 2018.

Gidan kallon faɗuwar rana

Not Vital ɗan ƙasar Suwizalan ne, an haife shi a 1948 a ƙauyen Sent da ke cikin duwatsun Engadin. Ya fara zuwa Agadas a ƙarshen shekarun 1990, ya yi aiki da maƙeran azurfa na garin, sannan ya shiga gini da laka. A 2003 ya yi Makaranta, gini mai hawa-hawa kamar dala, wanda ɗaruruwan yara ke zama a kan matakansa suna karatu. A 2005 ya gina abin da ya fi shahara da shi a Aladab, 'yan kilomita kaɗan arewa da Agadas: Gidan Kallon Faɗuwar Rana. Hasumiya ce mai tsawon mita 13, ɗaki a kan ɗaki, da matakala uku a waje, kowace tana kaiwa ga ɗakinta ita kaɗai. Babu hanyar da ta haɗa ɗakunan ta ciki. Mai son hawa na sama sai ya sauko ƙasa ya kama wata matakalar. Aikin gidan guda ɗaya ne, a zauna a ga rana ta faɗi.

Ina ganin kyan wannan gini, kuma ba na cikin masu cewa wauta ce a gina ɗaki don kallo kawai. Maginan Agadas ne suka ɗora tubalinsa, da ƙasar wurin, da dabarun da suka gada. Sai dai tarihin da ya biyo baya yana da abin lura. Vital ya ƙudurta yin irin gidan a kowace nahiya, ya yi shi da kankare a Tarasp ta Suwizalan a 2018, an kuma nuna na alminiyam a birnin Benis na Italiya a 2021. Siffar da aka haifa a bakin Telwa ta zaga duniya, sunan da ke tafe da ita kuma na mutum ɗaya ne. Littattafan fasaha sun san mai zanen, amma da wuya ka ga sun tsaya kan maginan da suka san yadda za a ɗaga laka mita 13 ba ta tsage ba.

Akwai kuma maganar yaɓe, wadda duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya sani. Laka ba ta yafe sakaci. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, kuma tana tsaye har yau saboda garin bai taɓa barin ta ba. Itatuwan da suka fito daga jikinta kamar ƙaya su ne matakan da magina ke takawa idan za a sabunta yaɓe. Wato tun ranar da aka gina ta an gina hanyar gyaranta a jikinta. Ta yi wa ladan aiki, ta yi wa masu tsaron gari aiki, ta zama alamar da ayari ke hange daga nesa, shi ya sa ba a rasa mai hawa da kwandon laka ba. UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma shekaru ɗaruruwa kafin wannan takarda jama'a ke riƙe da hasumiyarsu. A ma'aunin nan Makarantar Vital ta fi Gidan Faɗuwar Rana ƙarfin gindi, domin yara suna hawanta, iyaye kuma suna da dalilin damuwa idan ta tsage. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ginin da ba shi da mai ɗaki kuwa babu mai sanin yoyonsa sai ya zube.

Biyu a cikin Tenere

Itacen Tenere ƙaya ce guda ɗaya da ta tsaya ita kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri, babu wata bishiya kusa da ita. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Ayari bayan ayari sun yada zango a gindinta, ba wanda ya sare reshe don dafa shayi. A 1973 mota ta buge ta, aka kwashi gangar jikin zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa itacen ƙarfe a madadinta. Ta fuskar ƙira ba wani abin a zo a gani ba ne, bututu ne da tarkacen ƙarfe. Amma direba da madugu duk suna nemansa da ido, domin yana gaya musu inda suke da inda rijiya take.

Can gabas kuma akwai da'irar tunawa da jirgin UTA mai lamba 772, wanda bam ya tarwatsa a ranar 19 ga Satumba 1989 bayan ya tashi daga Injamena zuwa Faris, mutum 170 suka rasu. A 2007 ƙungiyar iyalan mamatan, tare da ma'aikata 'yan ƙasa, suka jera baƙaƙen duwatsu a da'ira mai faɗin kusan mita 60, da siffar jirgin a tsakiya, da alamun kusurwoyi huɗu, da fasassun madubai 170 a kewaye, aka kuma kafa fiffiken jirgin a tsaye. An yi shi ne don a gan shi daga sama, kuma miliyoyin da suka san shi ta hoton tauraron ɗan'adam suka san shi. Aiki ne mai taɓa zuciya. Masu shi suna nan, amma suna nesa, rairayi kuwa yana kusa, kullum yana aikinsa.

Ilimin da ke hannun mutanen kwari

Abzinawa ba su jira kowa ya koya musu sama ba. Abin da Turawa ke kira Oriyon su Amanar suke ce masa, wato jagora. Taurarin da Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa kuma Surayya, su 'yan matan dare suke kiransu. Taurari bakwai na arewa taguwa ce a wurinsu, da ɗanta kusa da ita. Edmond Bernus ya tattara da yawa daga cikin waɗannan sunaye a rubuce-rubucensa kan makiyayan Nijar. Ayarin da ke barin Abzin da kaka zuwa Fashi da Bilma gabas yake dosa, a daidai lokacin da Kaza ke fitowa da farkon dare, Amanar kuma ya biyo ta. Taurari ukun da ke tsakiyar Amanar suna fitowa kusan daidai gabas, shi ya sa madugu ke iya ɗaura hancin raƙuminsa a kansu.

Manomin garka ma da sama yake lissafi. A tsohuwar hanyar ban ruwa ta Abzin, wadda ake kira takarkart, sa ko raƙumi ne ke jan igiya yana tafiya yana dawowa, guga na fata ya hau ya juye ruwa a kan kututturen da aka fafe, ruwan ya bi 'yan magudanai, yaro ko dattijo yana buɗe fangali ɗaya da hannu yana toshe wani da ƙasa. Yau injin ban ruwa ya karɓe yawancin rijiyoyin. Amma sanin lokacin shukar alkama da na dashen albasa, da lokacin da za a fara sa ido ga kwari, yana nan a kan tsofaffin da suka koye shi daga ɓacewar Kaza da bazara da sake bayyanarta da asuba gab da damina. Matashin da ke tuƙa mota zuwa wuraren haƙar zinariya da waya yake gane hanya. Ban ga laifinsa ba, amma ilimin da ba a amfani da shi yana mutuwa tare da masu shi.

Matsayin Dabaga a doron ƙasa ya ba ta wasu abubuwa da za a iya ginawa a kansu. Tana wajen digiri 17 arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka tauraron arewa yana tsaye kimanin digiri 17 sama da gefen ƙasa, ba ya gusawa. Sau biyu a shekara, a farkon Mayu da farkon Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa. Mafitar rana tana kaiwa da komowa tsakanin Yuni da Disamba a faɗin kusan digiri 49. Wani abin sha'awa kuma, wurin da Kaza ke fitowa a gefen sama kusan shi ne wurin da rana ke fitowa a ƙarshen tafiyarta ta arewa a watan Yuni, kimanin digiri 25 arewa da gabas. Ƙofa ɗaya a jikin katanga za ta iya kama su duka biyu.

Abin da nake ba da shawara

Ina ganin Dabaga ta dace da wani fili na dutse da laka wanda zai zama kalandar gari: katanga mai zagaye, ba mai tsawo ba, da ƙofofi a mafitar rana da mafaɗarta na Yuni da na Disamba, da ƙofar Amanar, da wata 'yar taga da ke kallon tauraron arewa, da rumfa mai huda ɗaya a tsakiya wadda haske zai sauka ta cikinta a miƙe a ranakun nan biyu na Mayu da Agusta. A yi dakali a ciki yadda ajin makaranta zai zauna da safe, dattawa su zauna da yamma. Sunayen taurari a rubuta su da Tifinag da ajami da boko, maƙeran wurin su yi alamomin.

Ba a takarda za a yanke inda ƙofofin za su kasance ba. Duwatsu ne suka kewaye Dabaga, rana kuma ba ta bayyana a inda lissafi ya ce sai ta haura tsauni. Dole a yi shekara guda cur ana kafa turaku ana duba fitowa da faɗuwa, tsofaffin madugai da manoma suna nunawa, ɗalibai suna rubutawa. Wannan shekara ta dubawa, a wurina, ita ce rabin aikin, domin a cikinta ne ilimin zai tashi daga bakin tsoho ya shiga kan yaro. Wurin kuma ya zama a kan tudu. Wanda ya ga abin da ruwan Telwa ya yi wa gidajen Agadas da garaken kwari a farkon Satumba 2009 ba zai kafa ginin laka a hanyar ruwa ba.

Na san za a ce mutanen da ke neman rijiya da asibiti da tsaro ba su da lokacin kallon taurari. Maganar tana da nauyi, kuma ita ce ta sa na ce kada a gina shi don 'yan yawon buɗe ido. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009 da rashin tsaron da ya biyo baya sun nuna yadda baƙi ke ɗaukewa dare ɗaya, duk abin da aka jingina da aljihunsu kuma ya faɗi. Fili irin wannan ƙasa da dutse da ƙwadago yake ci, ba ya gasa da kuɗin asibiti, kuma amfaninsa na farko na makarantar gari ne. Za a kuma tambayi matsayinsa a addini. Babu mutum-mutumi a cikinsa, babu duba ko bokanci. Sanin taurari don gane hanya da lokaci abu ne da Alƙur'ani ya ambata a Suratul An'am aya ta 97 da Suratun Nahli aya ta 16, malamanmu kuma sun daɗe suna lissafin damina da manzilolin taurari. Ya kamata limaman garin su kasance cikin masu shawara tun ranar farko.

Sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne na yaɓe. Kafin a ɗora tubali ɗaya, a san unguwa ko ƙungiyar manoma ko makarantar da ta ɗauki nauyin gyara bayan kowace damina, a kuma rubuta sunayen maginan a jikin ginin. Idan ba a sami wanda ya ce nawa ne ba, a fasa.

Ina roƙon malaman Jami'ar Agadas da na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da 'yan'uwanmu na sassan Hausa da na tsara gine-gine a Zariya da Kano da Sakkwato, su tura ɗalibai kwarin Telwa da na'urar ɗaukar murya tun kafin a yi maganar kuɗin gini. A zauna da tsofaffin madugai da manoman Dabaga, a rubuta sunan kowane tauraro, da watan fitowarsa, da aikin da ake farawa idan ya fito, yanzu da masu wannan sani suke raye.